Gaban Mai Agwagwa

Ni da bakina na ce wa Inna ta jira ni a gaban mai agwagwa. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Watanta biyu a wurina a unguwar Parkchester, nan ƙasar waje, saura sati ta koma Kano, muka hau jirgin ƙasa muka nufi Canal Street sayen tsaraba. Jakunkuna take so ta kai wa matan yayyena. Mun sha yawo har gwiwarta ta fara ciwo, ga wani mai jaka ya nace wai masu kyau suna can bayan layi. Na waiga na ga wani gidan abincin 'yan China, gasassun agwagi rataye ta wuya a taga, jajur da su suna ɗigar mai, da ɗan benci a bakin ƙofa. Na zaunar da ita na ce, "Inna, kar ki motsa daga gaban mai agwagwar nan, yanzu zan dawo." Ta ce, "To, Allah ya kiyaye."

A kaina kamar a unguwarmu nake, inda in ka ce mai agwagwa kowa ya san mutum ɗaya ne. Ko sunan shagon ban duba ba, balle na titin.

Mai jakar ya yi ta zagayawa da ni, lungu bayan lungu. Da na gama na fito ta wata kusurwa, na hango agwagi a taga na nufi wajen da saurina. Ba benci, ba Inna. Na matsa gaba, wata tagar ma agwagi. Tsallaken titi agwagi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na ciro waya na kira ta, sai na ji tata tana kuka a cikin jakata, ni na karɓa na ajiye mata tun a jirgi. Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, Turancinta bai wuce gaisuwa ba, ko takardar adireshina ban sa mata a lalita ba.

Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba. Ina gudu ina leƙa fuskokin mutane, ina kiran "Inna! Inna!" a tsakiyar titi, ana kauce mini kamar mahaukaciya. Motar asibiti ta wuce da jiniya, na bi ta da ido, ko Inna ce a ciki. Me zan ce wa yayyena? Sun ba ni amanar uwa na yar a titi saboda jaka?

Wani ɗan Nijar mai sayar da tabarau ne ya ji ina kuka da Hausa ya tare ni. Da na ambaci benci ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Mai benci guda ne, tsohon shagon nan, tun ba mu zo ƙasar ba yake gasa agwagwa." Ya nuna mini hanya, ya ce in karya hagu sau biyu.

Na samu bencin, babu kowa a kai. Na tura ƙofa na shiga. Ciki cike da hayaniya, wani yana ta saran agwagwa da babbar wuƙa, ga naman alade rataye a gefe. Na ce a raina, Inna ko da wuƙa a wuya ba za ta shigo nan ba. Sai wata tsohuwa da ke wurin karɓar kuɗi ta ga hijabina ta yafito ni. Da guntun Turancinta da nunin hannu ta ba ni labari: Inna ta shigo, ta ga butocin shayi na ƙarfe a kan tebura, ta ɗauki ɗaya ta fita bakin titi ta tsuguna za ta yi alwala. Saura kaɗan ta sheƙa wa hannunta tafasasshen shayi matar ta fizge butar. Da ta gane wanke hannu da fuska take so, ta zubar da shayin ta cika mata da ruwan famfo, ta kuma shimfiɗa mata kwali a ɗakin ajiya.

Can na same ta tsakanin buhunan shinkafa, ta idar da la'asar tana jan carbi, butar a gefenta. Na zube a gabanta ina kuka ina cewa, "Inna, ki yafe mini."

Ta ɗago ta dube ni da fara'a, irin wadda take yi wa baƙi. Ta ce, "Sannu baiwar Allah, ashe ke ma Bahaushiya ce. Don Allah ko kin ga 'yata a waje? Ta daɗe ba ta dawo ba."

Na riƙe hannunta, har yanzu da danshin alwala. Na ce, "Inna, ni ce." Ta ci gaba da kallona kamar ba ta san ni ba. Sai da muka kusa tashar jirgi ta kira sunana, ta tambaye ni ina jakunkunan.