Mama Hannatu da "Fara" ta Sista

Tun hantsi bai ɗaga ba za ka ga Mama Hannatu Shekari ta sauka daga bas a Sabon Tasha, ta shiga ɗan asibitin mishan, ta ɗora ruwan zafi, bakinta na motsi. Ba addu'a take yi ba, jama'a. Sifaniyanci take bita.

Likitar ɗakin haihuwar, Sista Pilar, mutuniyar Sifen ce. Tana ɗan taɓa Hausa, amma da zarar abu ya rikice, sai harshen gidansu ya ƙwace mata. Hannatu, wadda ungozoma ce, ta ga a nan rai zai iya salwanta, sai ta matsa wa Sista ta koya mata yadda suke ba da umarni. Ashe a yawancin kalmomin sai dai a guntule harafin ƙarshe. Respirar ya koma respira, wato ja numfashi. Empujar ya koma empuja, yi nishi. Parar kuwa ya koma para, tsaya.

To, ai kun ji inda abin tsoron yake. A kunnenmu, para da fara duk ɗaya ne.

Dije, mai koko a Makera, ta ba ni labarin ranar da ta rako maƙwabciyarta Celina haihuwa. Kan jariri ya fito, cibiya ta naɗe masa wuya. Sista ta ƙwalla, "Para! Para!" Celina ta ji an ce fara, ta tattara ƙarfinta ta danna nishi. Fuskar ɗan ta soma yin shuɗi.

Hannatu ta kama fuskar Celina da hannu biyu. "Ke 'yar nan, dube ni! Tsaya! Kar ki ƙara, hura iska kamar kina fifita kunu!"

"Mama, ita ta ce in fara!"

"Ni na ce ki tsaya. Wa ya girme ki a nan?"

Celina ta tsaya. Sista ta zura yatsa ta zare cibiyar. Ɗakin ya yi tsit, tsit ɗin da ba na yi wa kowace uwa fatan ji. Can sai kuka. Daniel ke nan, wanda yanzu ba ya barin kajin unguwa su huta.

Tun daga nan, duk ranar awo sai Hannatu ta tara masu ciki tana sa su maimaita: "In Sista ta ce fara, me za ku yi?" Su amsa da dariya, "Mu tsaya!"

Mama Hannatu, ke ce kunnen ɗakin nan. Ke ce kika tsaya tsakanin harshe biyu, ba wanda ya sa ki, ba wanda ya tafa miki. Mun gode, Allah ya saka.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Abin yana damuna, don Sista tana nan, mata kuma ba su daina haihuwa ba. 'Yan matan da ke ɗakin, ku je ku zauna gabanta tun tana zuwa. Wannan karon da Hausa nake faɗa muku: ku fara.