Muryar Vlado a Amshin Gayya

Vlado Ristevski bai iya kaɗa komai ba. An taɓa miƙa masa jita, ya riƙe ta kamar wanda aka ba jaririn maƙwabta. Ganga kuwa ni da kaina na hana shi taɓa tawa tun ranar da ya fasa mini fata da dukan farko. Amma duk faifan hadko, kiɗan nan namu mai ƙarfi da ihu, da aka yi a Wollongong cikin shekara ashirin da 'yan kai, in ka juya bayan kwalinsa, za ka ga sunansa cikin 'yan amshi.

A irin kiɗanmu akwai abin da muke kira amshin gayya. In an gama ɗaukar ganga da jita da muryar mawaƙi, sai a ware rana guda a kira duk wanda aka sani, abokai, tsofaffin samari da 'yammata, har wanda ya taɓa ara mana mota. A cusa su ɗaki ɗaya a gaban makirfo ɗaya, su kwarara amshin tare iya ƙarfinsu. Ba a biyan kowa. Ladan shi ne gasasshen tsire a cikin burodi, da giya mai sanyi, sai sunanka a bayan kwali da ƙananan baƙaƙe. Vlado bai taɓa fashin irin wannan rana ba, ko ƙungiyar wa ce. Motar ɗaga kaya yake tuƙawa a tashar jiragen ruwa ta Port Kembla, kuma ya sha yin musayar ranar aiki don kawai ya zo ya yi ihu. Yakan iso da tiren burek, gasasshiyar fulawa mai nama a ciki ta tsohuwarsa, a hannu, rigar aiki a jiki, taba a bayan kunne.

Yana da aibu ɗaya da duk garin ya sani. A makare yake shiga amshi, a makare yake fita. Bayan kowa ya rufe baki, sai ka ji muryarsa ita kaɗai ta rage tana jan kalmar ƙarshe, ƙatuwa, mai kaushi, na ɗan abin da bai kai numfashi ɗaya ba. Mu muka sa mata suna wutsiyar Vlado. Da farko faɗa ake yi masa. Daga baya ta zama tambarin garinmu, har yara masu tasowa in sabon faifai ya fito, wutsiyar suke fara nema kafin su ce komai a kan waƙoƙin.

Sione, mawaƙin ƙungiyarmu, ba ya gajiya da tsokanarsa. "Tsoho, kowa ya isa gida, kai har yanzu kana jiran bas."

"Ni ke kashe fitila bayan kun watse, marasa godiya," in ji Vlado.

Matarsa Raelene, wadda ke dafa abinci a wata makarantar firamare, ba ta taɓa zuwa wasanmu ba ko sau ɗaya. Kiɗan namu faɗan karnuka a cikin garwa take kiransa. Na'urar faifansa a gareji take, tsakanin injin yankan ciyawa da gwangwanayen fenti, can yake zuwa ya saurari kayansa ya rufo ƙofa. Ba ƙiyayya ba ce, zamansu lafiya lau. Ita dai kunnenta ba ya ɗauka ne, shi kuma bai taɓa matsa mata ba.

Cikin sanyin bara muryarsa ta dishe. Muka yi ta dariya muna cewa yanzu ma ta fi daɗi, ya ci gaba a haka. Da aka yi watanni ba ta washe ba, Raelene ta ja shi asibiti. Ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma ya yi nisa. Likitoci suka ce za su cire wurin da murya ke fitowa gaba ɗaya, zai rayu in an yi sa'a, amma magana irin wadda ya sani ta ƙare. Suka sa ranar aiki.

A lokacin muna fama da sabon faifanmu, wanda muka yi shekara uku muna ja saboda Fintan, mai jitarmu, ba a taɓa yin abin da ya gamshe shi ba. Vlado ya same mu wurin gwaji, ya jingina da ƙofa ya gaya mana labarin a taƙaice, kamar mai ba da rahoton lalacewar mota. Ni na kasa ɗaga kai daga sandunana. Sione ya soma wata magana ta ƙarfafa zuciya, Vlado ya katse shi da hannu.

"Abu ɗaya na zo tambaya. Yaushe ne gayyar?"

Ko muryar Sione ba a gama ɗauka ba a lokacin, amma babu wanda ya kawo wannan zance. Muka sa Asabar ta ƙarshe kafin a kwantar da shi. Duk mun san abin da ake nufi: wannan faifan ne kawai wurin da muryarsa ta ƙarshe za ta zauna.

A rumfar da ke bayan garejin gyaran motoci na yayan Fintan a Unanderra muka yi. Ban taɓa ganin gayya ta cika haka ba. Mutanen da suka bar kiɗa tuntuni sun zo da furfurarsu da tumbinsu, wata ma daga Newcastle ta tuƙo. Vlado ya zo da wankakkiyar riga mai maɓalli, abin da ban taɓa gani a jikinsa ba sai a jana'izar babansa. Sione ya tambaye shi ko neman aure zai je daga nan. Ya ce a'a, neman aiki ne a ƙungiyar da ta iya kiɗa.

Waƙar a kan masu gidajen haya ce da ke korar mutane daga unguwannin bakin teku, amshinta gajere ne, kalma huɗu. Ina tsaye kafaɗa da kafaɗa da shi. Muryar tana fita da ƙyar, tana tsagewa, amma wutsiyar tana nan, na ji ta da kunnena, har tsigar jikina ta tashi. Muka yi, muka sake, muka kuma sakewa. Can tari ya sarƙe shi, ya dafa bango, ya yi mana alama da hannu cewa ba komai, ya fita. Fintan ya ce a ƙara biyu saboda ko ta kwana. Haka ake yi a kowace gayya tun da aka fara, ba wanda ya ga wani abu a ciki. Muka ƙara.

Da na fita da ruwa na same shi zaune a kan tsohuwar taya yana shan hantsi, hankicinsa a dunƙule a hannu.

"Kerryn, ta shiga?" ya tambaye ni, da abin da ya rage masa na murya.

Na ce ta shiga.

"To shi ke nan. Ku ajiye mini ita."

Bayan nan muka tura komai Melbourne wurin wani saurayi mai haɗa sauti, gwani ne kuma ba ya tsawwalawa. Bai taɓa taka Wollongong ba, bai san wani Vlado ba, mu kuma ba wanda ya yi tunanin gaya masa, don a wurinmu abu ne da kowa ya sani kamar sunan titi. Da ya turo aikin, kowa ya kafa kunne a kan kayansa. Ni na yi ta mita cewa ƙaramar gangata ta nutse. Fintan ya kwana uku yana rigima a kan jitarsa. Sione ya ce an sa muryarsa ta yi kama da ta mai mura. Ko faifan gwaji da masana'anta ta aiko, a garejin muka saurara, injin fenti yana ruri a gefe, muka duba ko allura na tsalle, muka ce a buga. Duk makaɗi haka yake, in ya ce maka yana jin waƙa duka, ƙarya yake yi.

Buga faifan garmaho yanzu sai an bi dogon layi, wata da watanni. A cikin jiran nan aka yi wa Vlado aiki. Ya fito da rami a gindin wuya, yana rufe shi da ɗan ƙyalle. Mutumin da ke hira da kare, da talabijin, da duk wanda tsautsayi ya tsayar kusa da shi a layin kanti, ya koma rubutu a waya da ƙaton yatsa ɗaya. Raelene ce ke karanta wa mutane abin da ya rubuta. Kafin ya gama haɗa raha, hira ta wuce wurin, sai ya goge. Daga baya ma ya daina farawa. Wannan ya fi ramin wuyan yi mini ciwo. Raelene ta ce mini ta yi shekaru tana roƙon ya yi mata shiru na awa ɗaya, yanzu firij kawai take ji a gidan. Shi kuwa kowane mako sai ya turo mini kalma ɗaya: "Faifai?"

Ranar da akwatunan suka iso, muka zare na farko muka nufi gidansa da yammacin Lahadi, ni da Sione da Fintan. Muna shiga na ga abin da ya tsayar da ni. Raelene ta ɗauko na'urar daga gareji, ta goge ta, ta ɗora ta a falo a kan kabad ɗin farantan mahaifiyarta. Ta dafa shayi, ta yanka kek mai kwakwa. Vlado na zaune a kujerarsa, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya juya kwalin, ya bi layin sunaye da yatsa har ya tsaya a kan nasa, ya gyaɗa kai.

Raelene ta tambaya wace waƙa ce. Sione ya ce ta farko a gefe na biyu. Ta zauna a hannun kujerar mijinta, ta haɗa hannuwa a cinya kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Allura ta sauka. Gangata ta shiga, jita ta biyo. Vlado ya sunkuyar da kai ya ɗaga yatsa ɗaya, yadda yake yi kullum in yana jiran wurinsa. Amshi ya zo, ƙato, kamar rufin zai ɗage. Ya ƙare tsaf, kowa tare, ba ko ɓurɓushi a bayansa.

Nan take na gane. Yaron Melbourne ya saurari duk abin da muka tura, ya ji wani yana makara a amsoshin da muka fara ɗauka, ya ɗauki masu tsabta, waɗanda muka ƙara bayan Vlado ya fita. Aikinsa ya yi, kuma ya yi shi da kyau. Na dubi Fintan, fuskarsa ta yi fari fat. Yatsan Vlado ya ɗan daɗe a sama, sannan ya sauke shi a hankali ya ɗora a gwiwa.

"Ga shi nan," in ji Raelene. Hannunta na kan bakinta, hawaye na bin yatsunta. "Na ji shi. Mai kaurin nan na tsakiya. Vlado, kai ne, ko cikin mutum dubu zan gane ka."

Mai kaurin nan Tevita ne, ɗan kawun Sione. Sione ya buɗe baki. Vlado ya dube shi, kallo ɗaya, Sione ya rufe bakinsa. Raelene ta ce a mayar. Vlado ya tashi da kansa ya ɗaga allurar ya mayar mata, ya dawo ya zauna, ta riƙe kafaɗarsa. Duk lokacin da amshin ya zo sai ta matse shi ta ce ga shi nan, shi kuma ya gyaɗa mata kai. Ban san sau nawa muka ji waƙar ba. Shayina ya huce ban taɓa shi ba.

Da za mu tafi ya rako mu har bakin mota, ita tana ciki tana kwashe kofuna. Fintan ya soma magana yana in'ina. Ya ce na ainihin yana nan a kwamfuta, ba a goge ba, za a sake haɗawa a sa a intanet, in ta kama a sake buga faifan gaba ɗaya, shi zai ɗauki nauyin. Vlado ya zaro wayarsa. Ya daɗe yana rubutu, kuma a karon nan ba wanda ya yi magana har ya gama. Ya juyo mana da fuskar wayar.

"Ta riga ta same ni a ciki. Ku bar mata."

Fintan ya ce to bari a turo masa na ainihin shi kaɗai, ya ji abinsa. Vlado ya girgiza kai, ya nuna wayar, ya nuna gidan. Ita ke riƙe masa ita rabin yini. Na tambaye shi, to kai fa? Ya ɗan yi murmushi, ya sake rubutu, gajere.

"Ni na san ba na nan."

Ya goge duka biyun kafin ya mayar da wayar aljihu. Ya bubbuga rufin motar sau biyu, ya juya ya shiga gida. Fintan ya kasa tuƙi, Sione ne ya karɓi makullin.

Faifan ya samu karɓuwa fiye da duk abin da muka taɓa yi. Masu rubutu a kan kiɗa sun yaba amshin musamman, sun ce ya fita tsaf. Yaran garinmu sun nemi wutsiyar ba su samu ba, suka ɗauka ciwon ne ya cinye ta, mu kuma ba mu gyara musu ba. Ni har yau ban iya sauraren gefe na biyu ba.

Vlado yana nan, yana zuwa asibiti ana gasa masa ciwon da na'ura, wata rana da sauƙi wata rana babu. Makon jiya Raelene ta kira ni. Ta ce duk ranar da aka kwantar da shi, waƙar nan take sawa kafin ta tafi aiki da kuma in ta dawo, har ta soma jin ƙaraf-ƙaraf a wurin amshin, tana tsoron kada allura ta cinye muryar. Ta tambaya ko akwai sauran faifan, ta ajiye ɗaya a kwalinsa ba a buɗe ba. Na ce akwai. Na kai mata ranar Talata.