Kilishin Wani Ya Sa Muka Makara

Muna sallame sallar asuba muka bar unguwarmu Mount Hope da ke Bronx, ni da maigidana, shi ke tuƙi. Yayata da ke tahowa daga Kano za mu tarbo a filin jirgi. Ɗanta na fari ya gama jami'a, a ranar ake bikin yaye su a Manhattan, ita kuwa biza ba ta fito mata ba sai a ƙurarren lokaci. Shirinmu shi ne ta sauka da hantsi, mu wuce da ita makarantar kai tsaye.

Mun haye gada zuwa tsibirin da filayen jiragen suke, hanya fetal. A filin jirgi na sayi wani shayi tsululu da tsadar da sai da na sake duban kofin. Jirgi ya sauka, fasinjoji suka fito kaf, babu Yaya. Wayarta a kashe. Na yi ta safa da marwa har ƙafata ta yi tsami.

Sai da rana ta take ta fito, ido jajur. Ashe tun da aka ji za ta Amurka, dangin mutanenmu na Bronx suka yi ta yi mata sallama da saƙo, ƙulli-ƙulli, kowanne an naɗe shi da salatif. Yaya ba ta iya cewa a'a ba, kuma a wurinta buɗe saƙon wani cin amana ne. Jami'ai suka tambaye ta ko tana ɗauke da nama, ta ce babu. Karensu ya shinshino kilishi da dambun nama. Aka zazzage akwatunanta, aka ƙwace naman, aka yi ta yi mata tambayoyi kamar ɓarauniya. Ban ga laifinsu ba. Masu saƙon nan sun fi kowa sanin ba a shigo da nama, amma suka yi gum.

Komawa kuwa cunkoso ya kama mu tun daga Queens, inda filin jirgin yake, mota na tafiyar hawainiya. Maigidana na ta ba ni haƙuri, ni ko ji nake kamar in fita in ɗaga motar.

Mun isa harabar jami'ar ana fitowa, iyaye da furanni, ana ta ɗaukar hoto. Yaron ya hango mu, ya rugo da rigar bikin ya durƙusa.

"Umma, ba komai, tunda kin zo."

Ta kau da kai, ta ce mini a hankali, "Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, kin san ɗan fari. So na yi in ji an kira shi a gaban jama'a."

Nan na fashe da kuka, na takaici.

Da la'asar muka koma gida. Yaya ko ɗankwali ba ta cire ba, wani maƙwabcinmu da aka ba ta saƙonsa ya ƙwanƙwasa.

"Hajiya, sannu da hanya. An ce delivery ɗina ya iso?"

Na ce masa ya je filin jirgi ya tambayi karen.

Abin da na koya ke nan: kunya ce ta cuci Yaya. Daga yau duk wanda zai zo wurina, saƙon da ba a buɗe a gabansa ba, ya bar shi a Kano, ko na uban waye.