Injiniyan da Ya Tsallakar da Bas Gada

Ranar Litinin, tara ga watan Rajab, bayan azahar, labari ya iske ni a tashar garinmu cewa Allah ya karɓi ranka, Injiniya. Wani direba ne ya faɗa mini ta taga, bai ko kashe mota ba. Na Allah muke, kuma wurinsa muka nufa. Sai da na nemi benci na zauna.

Mu mutanen garuruwan gefe, da muke kwana a gida mu wuni a birni, mun san abin da muka rasa. Kafin a ba ka shugabancin kwamitin haɗin gwiwa na sufuri, bas ɗin birni iyakarsa bakin gadar da ke tsakaninmu da birni, nan yake juyawa. Namu kuma ba a yarda ya tsallaka ba. Mai ciki da tsoho da mai kwandon kayan lambu, kowa ya sauka ya taka gadar da ƙafa, ya sake bin layi a wancan ƙetaren. Mun daɗe a haka har muka ɗauka haka ake yin bas a duniya.

Da aka tura ni kwamitin in wakilci garuruwanmu, ban yarda da kai ba, kuma na gaya maka ido da ido. A sanina, ma'aikacin birni in ya zo yana yi mana murmushi, filinmu yake so. Ka yi dariya ka ce, "Malam, ci gaba da zargina, amma ka zo zama da wuri. A cikin bas za a yi shi."

Na ɗauka wasa kake. Ashe tsarinka ke nan: ba zama a ofis, kowa ya bar motarsa a gida, a hau daga tashar farko, a tattauna a kujerun baya cikin fasinjoji. Zaman farko ya faɗo ranar ruwa. Muna isa gada direba ya ce a sauka. Mataimakinka ya dubi taɓo, ya dubi takalminsa, ya ɗauko waya zai kira direbansa. Ka ce, "A'a, ranka ya daɗe, yau mu ma fasinjoji ne." Ka karɓi jakar wata tsohuwa mai zuwa asibiti, ka riƙe hannunta har ƙetare, mu kuma muka biyo baya jagab. Kafin damina ta fita, bas ɗaya yana ɗaukar mutum daga garinmu har ƙofar asibitin birni.

Ba ka lallashe mu ba don mu mutanen gefe ne. Ka tsawata wa direbobinmu a kan ɓata lokaci. Ni kaina da na nemi a matso da tasha kusa da makarantar da na koyar, ka je ka duba, ka dawo ka ce a'a, kasuwa ta fi buƙata. Na yi fushin yini guda, amma daga ranar na daina zarginka.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Hanyar nan ta gwaji ce har yau, majalisar birni ba ta tabbatar da ita ba, kuma kai ne kake riƙe da ita. A zaman makokinka mataimakinka ya fi kowa sharar hawaye. Allah ne ya san zuciya. Amma da muka fito neman takalma, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, maganar gada sai an sake nazari." Na zauna da mutanen ofis, na san abin da ke samun aikin da aka ce za a sake nazarinsa.

Tun ba a naɗe tabarmin makoki ba, na ga ma'aikata suna sare ciyawa a tsohon wurin juyawar bas na bakin gada, suna shafa fenti. Na tambaye su, suka ce an dai ce su gyara. Wa ya ce? Suka ci gaba da fentinsu. Jiya kuma aka sanar da mu cewa zama na gaba a ofis za a yi shi, hawa na sama, kuma an tanadi wurin ajiye motoci. Ban kama kowa da hannu ba, amma raina bai kwanta ba. Zan je, a bas zan je, kuma zan faɗi abin da ke bakina.

Allah ya jiƙanka, Injiniya, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sauƙaƙa maka tsallake siraɗi. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka da 'ya'yanka da 'yan'uwanka, Allah ya ba su haƙurin rashi, ya raya abin da ka bari. Ina kuma yi wa mutanen garuruwanmu ta'aziyya, har da waɗanda ba su taɓa sanin fuskarka ba. Ni kuwa roƙona ɗaya ne: Allah ya kunyata zatona, kada in sake ganin mai ciki tana taka gadar nan da ƙafa. Amin.