Babur ɗin Yaya Ya Ƙi Nisa

Gemunsa ya yi fari fat, amma har gobe Auta ake ce masa, a gida da kuma rumfarsa ta gyaran babura da ke ƙarshen layi. Mutum ne marar gaggawa. In aka kawo masa gyara, sai ya sa a tayar da inji ya saurara tukuna kafin ya taɓa sifana. Yayansa ne ya koya masa haka, a kan wani tsohon babur mai dogon tanki wanda a da shi kaɗai ne abin hawan gidansu. Da ƙafafun Yaya suka gaza, aka jingine babur ɗin a bayan ɗaki, kaji suka mai da shi wurin kwana.

Yanzu 'yar Yaya za ta ɗauke shi ya koma wurinta, gari mai nisa, kuma kowa ya san da wuya ya sake dawowa. Abu ɗaya tsohon ya roƙa, a goya shi a kan babur ɗinsa a zaga da shi gari kafin ya tafi. Auta ya ce an gama.

Ya kwance injin kaf, ya wanke, ya mayar. Maƙwabcinsa mai fenti, wanda ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, ya feshe babur ɗin ja jawur, ko murfin tanki bai bari ba. Bugu ɗaya inji ya tashi. Sai dai da Auta ya fita gwaji, yana wuce gidan mai sai injin ya fara tari, ya shaƙe, ya mutu. Auta ya buɗe tanki, ga mai nan cike. Ya rufe, ya sake bugawa, ya tashi garau kamar ba shi ba. Can gaba kuma ya sake mutuwa.

Ya sauya fulogi. Ya wanke kafireta har hannunsa ya yi kanta. Mai fenti ya ce ciwon tsufa ne, ya kama babur ya kama makanikinsa. Matar Auta ta ce ya ari na wani mana, ai idon Yaya ya yi rauni, ba zai bambance ba.

"Muryarsa fa?" in ji Auta. "Ko cikin babura ɗari zai gane nasa. Zai tashi, ki bar ni da shi."

Ana gobe tafiya ya bar babban titi ya bi wani lungu da babu hayaniya. Da injin ya mutu bai taɓa komai ba. Ya zauna yana tambayar kansa, me yake yi kullum kafin ya sake tashi? Tanki yake buɗewa. Ya kara kunne, ya murɗa murfin a hankali, sai ya ji tanki ya ja iska, fuuu. Da ma akwai ɗan huji a murfin, inda iska ke shiga domin mai ya sauka. Fenti ya toshe shi ruf.

Da ya koma gida ya karɓi allura wurin matarsa, ya kira mai fenti ya tsokale hujin a gabansa.

"Ka yi masa kwalliya, ka toshe masa hanci."

"Na ga kamar tabo ne," mai fenti ya ce, yana sosa ƙeya. "Har shafawa na ƙara yi."

Da safe aka ɗora Yaya a baya, 'yarsa tana ta cewa a bi a hankali. Da suka doshi gidan mai Auta ya kasa kunne. Inji bai ko yi tari ba. Suka wuce, suka miƙe titi, sai ya ji Yaya ya daki kafaɗarsa.

"Ƙara wuta, Auta. Ba ƙwai ka ɗauko ba."