Gangar Baba a Gonar Wurogauri

Yaran nan masu waƙa da na'ura sukan tambaye ni wai ranar da na fara kiɗa gaban jama'a gabana ya faɗi? Nakan ce musu ku dai ku bari. Ku da kuke hawa dandamali da lasifika da abokai a bayanku, me kuka sani? Ni a gona na fara, ni kaɗai, ganga a kafaɗa, laka har idon sawu, kuma ba da son raina ba.

Mahaifina makaɗin noma ne a Gwandu. Tun kafin a haife ni, duk daminar da mutanen Wurogauri, can ƙasar Kalgo, za su yi gayya, shi ake aiko wa. Ba wai Kalgo sun rasa makaɗa ba ne. Shi ne dai ya san taken kowane manomi a ƙauyen nan, ya san wanda ya gaji nasa daga ubansa, ya san wanda sai an maimaita masa kafin jininsa ya motsa. Lokacin ko yanke Kebbi daga Sakkwato ba a yi ba. A ƙarshen wani rani ciwo ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Masu bin sa, mai kazagi da mai amshi, suka yi ta zuwa dubiya, suka rage, suka daina. Ɗaya ya koma wa wani makaɗi, ɗaya ya tafi Kurmi. Yanzu ba na ganin laifinsu, amma a lokacin ko gaisuwarsu ba na amsawa.

Da gero ya kai gwiwa, wani mai sayar da busasshen kifi ya tare ni a kasuwa ya ce Sarkin Noman Wurogauri ya ce a gaya wa tsoho an sa ranar gayyar maimai, wato noma na biyu. Iyakar saƙon ke nan. Bai tambayi lafiyar kowa ba, ni ma ban tambaye shi labarin can ba.

Na kai wa Baba saƙon yana kwance a tabarma. Ya daɗe yana kallon gangarsa da ke rataye.

"Kai za ka tahi," in ji shi.

Na ce, "Haba Baba! Ni da ban taɓa kaɗawa gaban mutane ba?"

"In ba ka tahi ba, na Kalgo za su kira. In na Kalgo ya shiga gonag ga sau guda, gangata ta hita ke nan. Ka jiya?"

Na ji. Ina da shekara ashirin ko kusa, na iya riƙe gula, na iya kiɗa a bayan gida inda awaki ne kawai alƙalaina. Amma mutumin da ko kofin ruwa ba ya iya ɗauka, abu ɗaya ya rage masa a duniya, a ce har yanzu gangarsa ce ke shiga gonar nan.

Haka muka zauna kwanaki, ni da shi. Yana buga take da hannun hagu a kan tabarma, ni ina mayarwa da ganga. In na kuskure sai ya harare ni da ido ɗaya, don ɗayan ya daina yi masa biyayya. Bakinsa ya karkace, sunayen mutane ba sa fita sosai, don haka ban haɗa take da suna ba, na dai haddace su a jere kamar yadda yake jera su. Wata rana na gaji, na ce masa, "To Baba, naka fa, wanne ne?" Ya yi dariya da rabin baki.

"Makaɗi da take? Wa za shi kaɗa mai?"

Na ƙarshe da ya koya mini daban yake, mai sauri, mai tsalle a tsakiya. Na abokinsa ne, wani dogon mutum baƙi da ba ya sa hula a gona, shi ke jan layin manoma tun suna samari. A gidansa Baba yake cin abinci in ya je, abin da ba kowane manomi ke yi wa makaɗi ba.

"Kak ka taɓa shi da sahe," in ji Baba. "Aje shi sai rana ta kai tsaka, in ka ga mutane sun hwara miƙe baya. Da ya ji za shi ɗaga hauya sama shi yi kururuwa, saura su bi shi. Ka duba da kyau in ya ɗaga, ka zo ka gaya man."

Na sa ganga a buhu, na hau bayan motar albasa da ta bi ta Kambaza, na sake wata a Birnin Kebbi, daga Kalgo kuma na taka da ƙafa. Duk tafiyar nan ban yi magana da kowa ba sai yaron mota. Ina ta buga jerin taken a cinyata da yatsu, har wata tsohuwa ta matsa gefe, ta ɗauka ba ni da cikakken hankali.

Na isa da la'asar. Aka kai ni wurin Sarkin Noma, wani gajeren dattijo mai furfura a gira. Ya leƙa bayana yana neman wanda ya sani.

"Ina tsohon?"

Na ce, "Ba shi da lafiya, Sarki. Ni ya aiko."

"Allah shi ba shi lahiya." Ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa akuyar da ba za a saya ba. "Kai ɗai? Ba mai amshi?"

"Ni kaɗai."

Ina juya baya na ji yana gaya wa wani a aika Kalgo, a ce wa makaɗinsu gobe ya zo ya zauna kusa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa zan faɗa wa? Aka sauke ni a wani zaure. A bango akwai ƙusa guda da ta yi tsatsa, daidai tsayin kafaɗar Baba, na san ba don komai aka kafa ta ba sai don gangar nan. Na rataye ta a wurin. Aka aiko mini da tuwo, na ci ni kaɗai, ina jin hirar mutane a bayan katanga. Na so in tambayi gidan dogon, kunya ta hana ni, kada a ce ɗan makaɗi ya fara neman inda za a ci.

Da safe raɓa ta sa fatar ganga ta saki, sai da na hura kara na gasa ta. Kafin in gama, gona ta cika. Maza sun jeru kowa da kunyarsa, daga nan har inda ido ke iya kaiwa. Can ƙarƙashin wata tsamiya na hango makaɗin Kalgo, ya zo da yaransa, ya ɗora gangarsa a cinya yana cin goro. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Sarkin Noma ya ɗaga mini hannu. Na buga. Bugun farko ya fito kamar an daki buhu. Na ɗaga murya na ja baitin buɗewa, na saurara inda mai amshi zai karɓa, ba kowa. Wannan shirun, wanda bai taɓa tsayawa cikinsa ba ba zai gane ba. Na amsa wa kaina.

Sai na kama jerin Baba daga farko. Tun da ban san fuskar kowa ba, ina bugawa ina duba layi in ga wanda zai motsa. Na farko, wani mai ƙaton wuya ya ɗago ya yi ihu ya duƙa da ƙarfi. Na biyu, wani siriri ya juyo ya nuna ni da yatsa yana dariya. Haka na riƙa sanin mutanen Wurogauri, take ya fita, mai shi ya amsa. Ina tafiya da baya a gabansu, suna biyo ni, ƙasa na juyawa, ciyawa na kwantawa. Na saci kallon tsamiya, na ga mai goro ya daina tauna. Na ce a raina, zauna nan, malam, yau kallo ka zo.

Duk da haka idona na neman dogon da ba ya sa hula. Ban gan shi ba. Na ce layin da tsawo, wataƙila yana can ƙarshe.

Rana ta kai tsaka. Na ga an fara miƙewa ana dafa ƙugu, wasu na kallon inda mata suka ajiye ƙoren fura. To fa, lokacin da Baba ya faɗa ya yi. Na gyara tsayuwa, na saki taken abokinsa da duk ƙarfina.

Hauyar da ke kusa da ni ta tsaya. Ta kusa da ita ma ta tsaya. Kafin in kai tsallen da ke tsakiya, layin nan gaba ɗaya ya miƙe tsaye, ba mai ihu, ba mai motsi. Ni kuwa, sakarai, na ɗauka kuskure na yi a bugun, sai na koma farko na ƙara tsanantawa, ina fitar da kowane bugu yadda Baba ya buga a tabarma. Sarkin Noma ya ratso kunyoyi ya zo ya ɗora tafinsa a kan fatar ganga.

"Kai yaro, tsaya. Mai shi ya rasu tun bazara. Ba a gaya ma tsohonka ba?"

Na ce ba a gaya masa ba. Ko yaron goye a gidan makaɗa ya san ba a kaɗa taken mamaci. Tare da shi ake rufe shi, sai fa in ɗansa ya fito gaban mutane ya karɓa, wanda ya karɓa kuwa ya ɗauki abin da uban yake ɗauka. Ga ni na tono shi tsakar rana, a gaban 'yan'uwansa. Na ga makaɗin Kalgo ya miƙe yana saɓa gangarsa. Na ce shi ke nan, na kashe wa Baba gona.

Sai wata murya daga ƙarshen layi ta ce, "Sarki, bar shi shi ƙare. Ba a yanke shi tsaka."

Wani saurayi ne, bai fi ni ba, ba dogo ba, ba ƙaƙƙarfa ba, tun safe shi ke baya. Ban buga masa komai ba don ba shi cikin jerin Baba. Sarkin Noma ya dube shi.

"Ka san abin da kaka hwaɗi?"

"Na sani."

Dattijon ya ɗauke hannunsa. Na koma farko. Wannan karon hawaye nake yi, ban ma san ko na wa ba ne, na mamacin da ban taɓa gani ba, ko na wanda na baro a tabarma. Saurayin ya taho ta gaban mutane har ya zo kan layi. Bai yi kururuwa ba. Ya ɗaga hauyar, ba ta ma kai sama sosai ba, ya duƙa ya kama noma. Nomansa a hankali yake, ba kyau, taken ya fi ƙarfinsa nesa. Amma mazan nan, da waɗanda za su iya wuce shi da hannu ɗaya, suka duƙa a bayansa, har aka tashi ba wanda ya tsallake shi. Ni kuma na riƙa rage saurin kiɗan kaɗan kaɗan don ya dace da hannunsa.

Da aka zauna shan fura, aka miƙo mini tawa ƙwaryar can gefe. Saurayin bai zo wurina ba, ni ma ban je ba. Makaɗin Kalgo ya wuce da yaransa bai dube ni ba. Da zan tafi, Sarkin Noma ya ce, "Ka gai da tsoho. Baɗi in Allah ya kai mu, kai za mu aiko ma."

Washegari da azahar na shiga gida. Tun daga zaure nake shirya yadda zan faɗa masa gangarsa ba ta fita ba. Na durƙusa na faɗa, har da labarin mai goro. Bai ko saurara ba.

"Ya ɗaga?"

Na ce, "Baba, ya rasu tun bazara. Ɗansa ne ya ɗaga."

Ya juya fuskarsa bango. Na zauna ina jira, ban san ko in fita ba. Can sai na ji hannunsa na hagu yana buga tabarma, a hankali, daga farkon taken har ƙarshe, sau ɗaya. Daga nan bai ƙara tambayata Wurogauri ba, ko da aka zo da damin geron da suka aiko da kaka.

Bai ga wata daminar ba. Bayan an yi addu'ar bakwai mutane sun watse, na shiga ɗakinsa na sauko da gangar, na zauna a tabarmar. Na ce ni ma bari in karɓi na ubana yadda saurayin nan ya karɓa. Na bi jerin tun daga mai ƙaton wuya har zuwa dogon da ba ya sa hula, duk na mutane ne. Na daɗe riƙe da gula, sannan na tashi na mayar da gangar inda take.