Tarin Tsohuwa

A shagon kayan gyaran mota nake kallon wani dattijo gajere mai faɗin kafaɗa, riƙe da 'yar kwalba kamar wanda ya kawo gwaji asibiti. Dizal ne a ciki, daga tankin tirelarsa ya tsiyayo. Yana ɗaga ta sama ya kanne ido ɗaya, sai ga ruwa kwance a ƙasan man.

"Ka gani ko, ɗana?" in ji shi ga mai shago. "Abin da suka ɗura wa tsohuwa ke nan, shi ya sa take tari."

Tsohuwa ita ce tirelar. Tana can bakin titi da lodin siminti, ga doguwar hanya a gabanta.

Mai shago ya jera masa gwangwanayen maganin mai, da na wanke nozul, da na rage hayaƙi, da na janye ruwa. Dattijon ya zaro tabarau ruwan hoda, da alama na matarsa ya sunkuto, yana bin ƙananan rubutun da yatsa, leɓe na motsi. Ba ya sauri. Ina jin motar nan ce ta yi masa rufin gida, ta biya wa yara makaranta.

Yana ɗaukar na janye ruwan, tari ya sarƙe shi har da hawaye.

"Baba, naka tarin fa? Ga kemis nan kusa."

Ya share ido yana dariya. "Ni ruwan ɗumi ya ishe ni. Ita ce mai ɗaukar kaya."